Albam na Biyar

Sati uku bayan kwalekwalenmu ya kife a hanyar Augie, ƙawata ta ce in zaɓa mata albam biyar da na fi so a rayuwata. Iyayenta 'yan kudu ne masu shagon atamfa, amma a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi aka haife ta, Hausarta ma ta fi tawa gudu. Za ta tafi karatu can garinsu ranar Juma'a, tana son abin da za ta riƙa saurare idan kewa ta kama ta. Na ce to, don tun muna sakandare nake cika mata baki cewa ni na san waƙa.

Sai da na ɗauki biro na gane ban san sunan ko ɗaya ba. Wayata da memorin suna ƙasan gulbi. Mu kuma a Argungu ba ma tambayar suna, ka miƙa wa mai tura waƙa memori ya zuba maka, kowace ta fito da lamba. Abin da na sani shi ne akwai na kalangun da Inna ke sawa lokacin bugun shinkafa, akwai na bikin yayata, akwai guda biyu da muke ji a ɓoye a makaranta. Na biyar kuwa, wanda na fi so, shi ne a kunnena lokacin da ruwa ya shigo. Masunta sun tsamo mu duka, ba wanda ya rasu, amma har yau ko randa na leƙa sai gabana ya faɗi.

Muka je kasuwar Birnin Kebbi wajen wani dattijo mai tura waƙa. Ya ce ba matsala, in rera masa kaɗan zai gane. Na rera huɗu, ya samo su, yana tsokanata wai muryata ta fi ta masu waƙar. Da aka zo na biyar na tsaya. In ce masa babu? In ba ƙawata wani daban? Ai za ta gane, sau nawa na ishe ta da shi. Na rera a hankali kamar mai raɗa.

Na manta cewa ba sa ba ka memori sai sun gwada a sifika. Kiɗan ya tashi, rumfar ta fara juya mini, na ji warin laka. Ban san na durƙusa ba sai da na ga ina riƙe da ƙafar teburinsa.

"Ɗiyata, mi ya same ki?" in ji shi, ya kashe.

Ƙawata ta ce masa a bar shi, huɗun sun isa. Ni kuma har lokacin bakina na ci gaba da baitin daga inda ya katse. Ban san ko sonsa nake ko tsoronsa ba.

"Baba, saka mata shi," na ce. "Amma kada ka sake kunnawa."

Ya saka. A cikin keke napep ƙawata ta tambaye ni wace lamba ce, don ta riƙa tsallake shi. Na ce kada ta tsallake, ta dai jira sai motarsu ta haye gadar kogi tukuna kafin ta kunna shi.