Igiyar Iya Ladi da Zaren Alhaji

Kakata Iya Ladi ba ta yarda da idon kowa ba, har nata. Ko nama ta sayo a mayanka sai ta juya shi ta shinshina. A gidanmu na Agege, bayan magariba idan an ɗauke wuta, mukan zagaye murhun da take suyar ƙosai a ƙuryar tsakar gida, tana tura itace tana yi mana tatsuniya.

Wata rana maƙwabcinmu Alhaji Idi mai shanu ya sa birkila ya ja zare daga bakin titi zuwa bayan gida, zai yi katanga tsakaninmu. Iya ta wuni tana hararar zaren. A bakin titi yana kan iyaka daidai, amma can ciki ya shiga ta kan murhunta, kuma da murhun nan take ciyar da mu.

Da yamma Alhaji na kan bencinsa yana jin rediyo. Iya ta ɗaga murya fiye da kullum.

"Ga ta nan, yau da igiya ta zo muku."

Wai dila da tunkiya ne suka raba gona a gefen hanya. Dila ya ja iyaka, ya rantse ta miƙe tsaye daga hanya, ba ta karkata ko'ina ba. Tunkiya ta ce ta ji, amma a kawo igiya. Daga gindin iyakar ta auna tsawon sanda ta dama ta kafa turke a bakin hanya, ta auna tsawon sandar ta hagu ta kafa wani. Sannan ta je can ƙarshen iyakar, ta ja igiya zuwa kowane turke.

"In iyaka tsaye take, igiyar da ta kai wannan ita za ta kai wancan, ba ragi ba ƙari. To, ta wajen tunkiya sai igiya ta yi saura."

"Iya, sai aka yi yaya?"

"Ni ma ban sani ba tukuna."

Sai a lokacin na lura rediyo ya yi shiru.

Da safe zare ya matsa daga kan murhu. Alhaji ya leƙo ya ce, "Iya, ashe birkilan nan ne ya yi kuskure."

"Haka suke, Alhaji," in ji ta. Yana juya baya ta kwance igiyar shanya, ta sa muka auna.

A sakandare malamin lissafi ya zana wannan awo a allo, ya ce haka ake tabbatar da layi biyu sun haɗu a kusurwa mai digiri casa'in. Har yau ban san ko Alhaji da gangan ya yi ba, kuma na gaji halin Iya, zuciyata ta ƙi wanke shi. Na daɗe ina jin haushin Iya ta hana mu ƙarshen tatsuniyar nan, kafin na gane ba mu ta yi wa ba.