Yadda na hana Tsauni taki

Kafin in zama ɓarawo, ni mai buga takardu ne a wani siber, shagon kwamfuta, kusa da tashar Matameye. Kawuna na Tsauni, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babana, shi ya sayar da awakinsa ya sa ni lakwal, makarantar boko. Ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba.

Wata shekara ƙungiyar manoma ta ɗauke ni in shigar da sunayen masu neman takin zamani mai rahusa. Wani matashi a Damagaram ya gina musu shafin. Ka buga suna da gari, na'ura da kanta ta rubuta buhu ɗaya. Sunayen kowane gari su taru a fayil guda a tura Damagaram, daga can mota ta kawo kaya.

Ran nan wa da ƙane masu noma gandu ɗaya suka ce in haɗa su. Na sa alamar & tsakanin sunayensu, sai shafin ya rikice. Na kira mai shafin, ya ce, "Cire alamar ka ci gaba, ina da aiki." Ka ji fa! Ƙofa a buɗe, an gaya maka, ka ce kana da aiki. Har yau in na tuna muryarsa raina ɓaci yake.

Na ba abokina Habu labari, lokacin ya dawo cin rani daga Kano. Ya yi dariya ya ce, "Kai dai sakarai ne. Abin nan bai bambanta sunan mutum da umarni ba, duk abin da ka buga haɗiyewa yake." Ya nuna mini: a gurbin suna in sa alamar <, in rufe sunan da kaina, in buɗe sabon manomi wanda ba a haifa ba. Na gwada da buhu ɗaya, ya fito. Muka sayar ranar kasuwa. Daga nan kwaɗayi ya hau ni, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala.

A fayil ɗin Tsauni na cusa manoman ƙarya rututu. Garin sauri na buɗe wata alama ban rufe ba. Shi ke nan, fayil ya ƙi buɗuwa a Damagaram. Irin wannan fayil, kuskure ɗaya ke kashe shi gaba ɗaya, mai gaskiya da maƙaryaci. Kafin a gano, damina ta yi nisa, taki ya ƙare. Tsauni ba ta samu ko tiya ɗaya ba, har da gonar Kawu.

Jandarmomi suka zo siber da rana tsaka. Habu kuwa tuni ya tsallake iyaka, ɗan banza. Gaban alƙali, mai shafin ya ce gyaran bai fi layi kaɗan ba. Na miƙe na ce, "To don me ba ka yi ba?" Alƙali ya ce, "Zauna! Shi ya bar ƙofa, kai ka shiga." Gaskiya ce, ita ta fi ƙona ni.

Ina gidan kaso geron Kawu ya ƙi. Ɗansa ya tafi Legas neman abin da za su ci, har yanzu bai dawo ba.

Na fito, na tuba, ina gyaran waya a bakin kasuwa. Ku samari masu gina shafuka, don Allah ku ji. Abin da mutum ya buga, kada ku zuba shi ɗanye cikin fayil. Ku mayar da < ta zama &lt;, ku mayar da & ta zama &amp;, na'ura ta san rubutu ne, ba umarni ba. Ku kuma da kuka ga kafa, ku kai ƙara, a ƙi ji ku sake kaiwa, kada ku zura hannu. Ba na'ura kuke cuta ba, wallahi mutane ne a ciki.

Na je Tsauni na durƙusa, Kawu ya ce ya yafe. In na gaishe shi yana amsawa. Amma tun daga ranar bai sake kiran sunana ba.