Furar da Na Sha Ranar Sartifika

Ni tun ina ƙarama ba a yi mini wasa da ɗumame. In gari ya waye ban sa komai a ciki ba, kowa a gidanmu ya san ya ba ni hanya, don ba na ji, ba na gani, sai faɗa.

Shekarar da aka sauke tutar Nasara ina ajin ƙarshe a lakol, wato makarantar boko, a Gazawa, mu mata uku cikin maza. Za mu yi jarrabawar sartifika, kuma mushe, wato malaminmu, bai ɓoye mini ba: shekaruna sun yi yawa, ba za a bar ni in maimaita ba. In na ci, in wuce gaba. In na faɗi, sai gonar gyaɗa. Ni kuwa ungozomar asibiti nake son zama, har mafarkin farar riga nake yi.

Kakata ta karɓo mini rubutu a ɗan gora. Malamin da ya rubuta cewa kawai ya yi a sha da safe. Sauran ita ta ƙara da bakinta.

"Ki sha shi ba ki karya ba," in ji ta. "Kada ki ɗora mishi komi sai an gama. Abinci danne rubutu yakai, jikalle. In kin ci, kin ɓata."

A Agiye aka tara mu, muka kwana can. Da safe aka kawo koko da ƙosai, ƴan ajinmu suka far musu. Ni na zagaya bayan rumbu na shanye rubutuna, ƙanshin ƙosai yana bina.

Da dikte aka fara. Mai jarrabawa yana karanta Faransanci, mu muna rubutawa, kuma kuskure biyar ya isa ya kayar da mutum ko da ya cinye sauran duka. A aji ba na wuce biyu. Amma ran nan layi uku kawai na yi lafiya. Sai kunnuwana suka yi dum. Ina jin kalma, kafin in tsoma alƙalami a tawada ta gudu. Yarinyar da ke gefena tana jan majina, na ji kamar in shaƙe ta. Na dubi kalmomin da na rubuta sau ɗari a aji, suka zame mini baƙi. Tsoro ya kama ni sosai, na ɗauka wani ne ya yi mini sammu, ko kuma haukacewa nake yi. Ko kusa ban kawo yunwa a raina ba.

Da aka ba mu hutu, mushe ya same ni zaune gindin itacen bedi, zufa ta jiƙa mini riga.

"Ke, mi ya same ki? Kin karya kuwa?"

Na faɗa masa. Bai yi dariya ba. Ya kira wata Bafilatana mai tallar nono, ta dama fura, ya miƙo mini ƙwaryar.

"Sha, ko ki hwaɗi ƙasa a gaban mutane."

Na riƙe ƙwaryar nan ina kuka. In na sha na ɓata rubutu, in ban sha ba ban ga yadda zan kai yamma ba. Na rufe ido na kafa kai. Kafin a sake kaɗa ƙararrawa idona ya washe, lissafin da aka ba mu kuwa na yi shi kamar ina ƙirga kajin gidanmu.

Bayan makonni sakamako ya zo. Mushe ya tako har zaurenmu, ya ce lissafina babu na biyunsa, amma kuskurena a dikte bakwai.

Kaka ta bari sai da ya tafi, sannan ta kira ni ɗaki.

"Hwaɗa mini gaskiya. Kin ci wani abu?"

"Hura na sha, kaka."

Ta jinjina kai. "To, kin gani."

Ban iya ce mata an gama dikte kafin in taɓa ƙwaryar ba, don ni ma a lokacin na yarda da ita. Na yi shekaru ina noman gyaɗa ina jin haushin kaina da rashin haƙuri. Har ta rasu, in an yi zancen lakol, takan ce ai da tuni jikarta ta zama ungozoma, kwaɗayi ne ya hana ta.