Yadda Baffa Ya Gyara Faifai

A wurin danginmu, sana'ata ita ce gyaran waya. Na yi shekaru ina kula da sabobin wani kamfanin fulawa a Bahri, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da duk bayanan kamfanin, waɗanda in ɗaya ta yi tari manaja ba ya iya karin kumallo. Amma ka tambayi Baffa, yayan mahaifina, me 'yar ƙaninsa take yi, sai ya ce, "Tana harkar su waya ɗin nan." Ranar sallah kuwa layi ake ja mini a tsakar gidanmu na Omdurman, kowa da wayarsa da ta cika, kowa yana rantsuwa shi bai taɓa komai ba.

Da kamfani ya sayo sabbin na'urori, aka bar mini wata tsohuwar saba. Na ɗora ta a raksha, babur ɗin nan mai ƙafa uku, muka tsallako gadar Nilu zuwa Omdurman, direban yana ta tambaya ko firji ce. Na ajiye ta a ɗakin Kaka, uwar mahaifina, don ɗakinta ya fi ko'ina sanyi, kuma ita kaɗai ce a gidan ba za ta ɗora tiren shayi a kai ba. Kaka tana ƙaramar yarinya ta taso daga ƙasar Hausa da ƙafa, tare da iyayenta, za su Makka. Guzuri ya ƙare a bakin Nilu, aka ce a ɗan zauna a huta, hutun da muke kai har yau. Jikoki suna kiranta Haboba kamar yadda 'ya'yan maƙwabta ke kiran tasu, ita kuma sai ta yi kamar kurma har sai an ce Kaka. Don ita na kawo sabar. Ina so in ɗauki labaranta a bidiyo tun tana da ƙarfin bayarwa.

Ba kai tsaye na zuba kaya a faifan sabar ba, na bi hanyar da muke bi a wurin aiki. Za ka sa faifai cikin wani rukuni, daga rukunin ka yanko rumbu gwargwadon girman da kake so. Sai ka yi wa rumbun fomat, wato ka share shi tas ka ja masa layukan da kwamfuta za ta riƙa bi tana ajiya. Daga nan ka ɗaura shi a kan wata folda, ya zama duk wanda ya buɗe foldar ya shiga rumbun. Amfanin wannan wahala shi ne in rumbu ya cika ba sai ka kwashe kaya ba. Ka sayo wani faifan, ka sa shi cikin rukunin, ka ja rumbun ya miƙe ya hau kansa. Kamar ka fasa bangon da ke tsakanin ɗaki biyu ne su zama ɗaya. Mai shiga ba zai san inda na farko ya ƙare ba.

Rumbun kuwa ya cika, kuma ba Kaka ce ta cika shi ba. Dangi ne suka ji labarin akwai wurin ajiya kyauta. Bikin wance, sunan ɗan wane, hoton rago kafin yanka, hoton rago bayan yanka. Wata 'yar Gwaggo ta kawo bidiyon ƙunshinta tun daga kwaɓa lalle har bushewarsa, wai don tarihi. Na ƙara faifai na biyu. Da aka shiga damina mai yawan aure, na ƙara na uku. A ido faifai uku ne, a wurin kwamfuta rumbu ɗaya ne da ya kwanta a kansu duka.

Dole in faɗi yadda gidan yake a lokacin. 'Ya'yan Kaka uku ne: Baffa, sai Baba, sai Gwaggo autarsu. Akwai wata bishiyar dogon yaro a tsakar gida da Baffa ya sare ba shawara, wai saiwarta na fasa masa ɗaki. Baba ya faɗi magana, Baffa ya mayar da wadda ta fi ta, kafin wata ya ƙare Baffa ya kira magina sun ja bango a tsakiyar gidan. Gwaggo ta ce ita ba ta bayan kowa, sai dukansu biyu suka daina yi mata magana, don kowa ya san wanda ba ya bayanka yana bayan wancan. Dattawa ne fa, masu furfura, masu sahun gaba a masallaci. Sukan je gaida uwarsu a lokuta daban-daban kamar marasa lafiya a asibiti.

A shekararta ta ƙarshe, wata safiya na kafa kyamara kamar kullum, sai Kaka ta ce, "Kunna, ki fita, ki ja mini ƙofa." Na ce, "Kaka, ni ce fa." Ta ce, "Na gan ki. Fita." Ta daɗe tana magana ita kaɗai. Da ta kira ni, idonta ya yi ja. Ta ce, "Wannan ba naki ba ne. Kada ki buɗe, kada ki bari a buɗe, sai ranar da 'ya'yana uku suka zauna a tabarma ɗaya. Akwai abin da zan ɗora musu." Na yi mata alkawari, na juye bidiyon cikin rumbu. A raina na ce tsohuwar nan ta iya zaɓen sharaɗi, da ma ta ce sai Nilu ya ƙafe.

Ta rasu. A zaman makoki ma tabarma biyu aka shimfiɗa a waje, Gwaggo tana ciki da mata. Na gaya wa kowannensu akwai saƙo, na faɗi sharaɗin. Baffa ya ce shi ai a zaune yake, mai son zuwa ya zo. Baba ya ce shi ma haka.

Sannan yaƙi ya zo. Ya same ni a Bahri, na je duba na'urori da sassafe, gada ta rufe a bayana. Kwafin da na yi na rumbun yana cikin durowata a ofis, kuma ofishin nan daga baya har ƙofofinsa sai da aka tafi da su. Da na ji mutanen gida za su fita, na samu Baba a waya da ƙyar, layi yana yankewa. Na ce, "Baba, ku buɗe sabar ku zaro faifan nan uku, ku haɗa su wuri ɗaya, wuri ɗaya!" Ya ce to.

Abin da ya faru, daga baya na ji shi. Tsoro ya sa Baffa ya zagayo bangonsa, ya tarar da Baba riƙe da faifai uku yana neman jaka. Nan take girman Baffa ya motsa. Baffa ya ce wane irin rashin tunani ne a zuba su jaka ɗaya, ga shingaye a hanya ana ƙwace kaya? Kowa ya ɗauki ɗaya. In an rasa ɗaya, biyu sun tsira. Gwaggo ta ce wallahi gaskiya ne. Baba ya ce yarinyar ta ce wuri ɗaya. Baffa ya ce yarinyar ta san waya, shi ya san hanya, sai Baba ya sallama. Shekara da shekaru ba su yarda da juna a kan komai ba, ranar da suka tashi haɗa kai sai suka haɗa shi a kan wannan. Kuma ba na ce dabarar ba ta da kyau ba. Da awaki ne, da ta yi daidai.

Baba ya same ni a Atbara da faifai ɗaya a cikin safa. Gwaggo ta yi Kosti da nata a ɗaure a bakin mayafi. Baffa ya yi Gadarif wurin surukansa da na uku. Duk lokacin da waya ta shiga sai in ce, "Baffa, don Allah kada a taɓa faifan nan, kada a jona shi ko'ina." Sai ya ce, "Yana nan, ke dai ki yi addu'a." Na yi addu'ar, ashe ban faɗi abin da ya kamata in roƙa ba.

Da abubuwa suka lafa muka dawo Omdurman, gidan yana nan, in za a kira shi gida. Rufin ɗakuna ya tafi, tagogi sun tafi, sabar ta tafi. Bangon Baffa, wani abu ya faɗo masa ya kwantar da rabinsa, aikin da malamai da surukai suka kasa. Ɗakin Kaka kaɗai ya rage da rufi. Saboda haka duk wanda ke son inuwa da rana, nan zai shiga, kuma tabarma ɗaya ce muka samu aro.

Na aro kwamfuta wurin wani abokin aikina, na jira ranar da aka kawo wuta. Gwaggo ta kwance bakin mayafi. Baba ya zaro safa. Baffa kuwa ya fito da nasa cikin sabuwar leda, yana murmushi irin na wanda ya zo da tsaraba. Ya ce, "Naku ban sani ba, amma nawa ya lalace a hanya. Na gyara miki shi."

Na ce, "Baffa, gyara kamar yaya?"

Ya ce ai da zaman Gadarif ya yi tsawo, ya yi marmarin jin muryar uwarsa, sai ya kai faifan shagon wani mai sa wa mutane waƙa a waya. Mai shagon ya jona, kwamfutarsa ta ce ba ta gane faifan ba, sai an yi masa fomat. Yaya za ta gane shi? Kashi ɗaya ne cikin uku na abin da ba ta taɓa gani ba. Mai shago ya tambayi Baffa, Baffa ya ce a yi duk abin da ya dace. Aka danna. Da suka ga faifai ya buɗe fayau ba komai, mai shago ya ji tausayin dattijo, ya cika masa shi da wa'azi da wasan ƙwallo, har baki, ko gurbi bai bari ba. Baffa ya ce, "Mutumin kirki ne, ya san aiki. Ya kamata ku san juna."

Na ce, "Sannu da ƙoƙari, Baffa. Allah ya saka."

Ya ce, "Amin. Ai yi wa kai ne."

Ban yi kuka a gabansu ba, sai da na zagaya bayan ragowar bangonsa. Na ji haushi irin wanda ban taɓa ji ba, kuma na rasa wanda zan ɗora wa, don mutumin nan uwarsa ya yi marmari. Na dawo na zauna kan aiki. Akwai hanyar da ake tilasta wa rukuni ya tashi da faifai biyu, a bar gurbin na uku fanko, a ɗaura rumbun don karatu kawai, kada a rubuta komai a kai. Haka na yi. Folda ta buɗe. Rago kafin yanka yana nan lafiya. Ƙunshin 'yar Gwaggo bai rasa ko ɗigo ba, alhamdu lillahi, tarihi ya tsira. Tsofaffin labaran Kaka su ma suna nan. Bidiyon ƙarshe kuwa ya faɗo daidai inda faifai na biyu ya ƙare na uku ya fara. Kansa yana wurinmu, sauran jikinsa yana ƙarƙashin wasan ƙwallo.

Na yi kwanaki ina lallaɓa abin da ya rage har ya yarda ya buɗe. Wata rana bayan azahar, su uku suna zaune a tabarmar aro suna fifita, na ce, "Sharaɗi ya cika." Na juyo musu kwamfutar.

Ga Kaka a kan gadonta, a ɗakin nan da muke ciki, tana gyara ɗankwali. Aka ji ƙarar ƙofar da na ja. Ta kalli kyamara ta ce, "To, kun zauna? Dukanku uku?" Ta yi dariya har da tari. "Wa ya mutu?" Sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta ce wa Baffa mai taurin kai tun a goye, ta ce wa Baba mai riƙo, ta ce wa Gwaggo sarkin tsoro. Daga nan ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Ina da ƙanwa. Na ce muku ta mutu a hanya. Ba ta mutu ba. Zazzaɓi ya kama ta, aka bar ta a wani gida, aka ce in an dawo daga Makka za a ɗauke ta. Ni na riƙe mata hannu har ta yi barci, don kada ta ga tafiyarmu. Zan gaya muku garin da gidan, ku je ku nemi jininta. Amma bari in fara daga inda muka taso, don ku gane hanyar." Ta ambaci rijiyar da suka sha ruwa ranar farko, da jakin da ya ƙi tafiya. Sai hoton ya tsaya, bakinta a buɗe.

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Baba yana kallon ƙasa.

Baffa ya ce, "Ina sauran?"

Na ce, "Yana Gadarif, Baffa."

Ya daɗe yana kallon ledar da ke gefensa. Ina da magana a bakina, na shirya ta tun ranar da ya ce ya gyara, na goge ta ta yi kaifi. Sai ya matso kusa da kwamfutar, kafaɗarsa tana gogar ta Baba, ya ce da wata ƙaramar murya da ban san yana da ita ba, "'Yata, sake sawa. Wataƙila wannan karon ta wuce wurin."

Na haɗiye maganar, na sake sawa.