An Ba Likitar da Ta Ceci Raina Takardar Tuhuma

Wata huɗu ban ce komai a nan ba. Masu tambayar me ya sa shagona na Wuse yake rufe, ga dalili.

Na daɗe ina shan maganin ciwon baya na kemis, sau da yawa ko karyawa ban yi ba. Wata Talata da hantsi ina auna wa wata mata shadda, sai na ji kamar an caka mini wuƙa. Cikina ya sandare kamar katako.

Maƙwabcina Alhaji Sabo ya sa ni a tasi. Asibitin farko, babu gado. Na biyu ko saukowa ba su bari na yi ba. Na uku suka kwantar da ni a benci.

Aka yi hoto, aka ɗebi jini. Likitar, wata siririyar mace, ta ce, "Malam, olsa ce ta huda maka ciki. Yau za a yi maka aiki."

Mu biyar ke jira, har da mai afendis da mai ƙaba. Ɗakin tiyata ɗaya ke aiki, likitar fiɗa ita kaɗai, tun jiya ba ta je gida ba.

Ana shirin tura ni ɗakin tiyata sai ga wani mai babbar riga, yana so a fara da ƙaninsa. Ya miƙa mata waya. "Oga zai yi magana da ke."

Ba ta karɓa ba. Ta ce, "Ƙaninka zai iya kaiwa gobe. Wannan in ya kai magariba, gawarsa za a ɗauka."

A kunnena ta faɗa, ni take nufi. Matata ta riƙe hannuna, na kama kalmar shahada.

Ta yi mini aikin. Kwana biyar da roba a hanci, ko ruwa ban kurɓa ba. A rana ta goma sha ɗaya aka sallame ni.

Da na koma cire zare na tambayi ina likitar take, sai nas ta ce an ba ta takardar tuhuma, wai rashin ladabi. Matar da ke yin aikin mutum uku. Wanda ya bar ta ita kaɗai fa, wa ya tuhume shi? Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Alhamdu lillahi, na warke. Likita, Allah Ya saka miki, Ya isar miki. Alhaji Sabo, na gode.

Ku daina shan maganin ciwo barkatai. In ciki ya ƙulle ya yi tauri, kada ku jira, ku tafi asibiti nan take. In kun tarar da layi, ku bar likita ta zaɓi wanda ya fi kusa da mutuwa.