Ƙuri'ar Inna

Tun muna yara Baba yake da magana ɗaya kan zaɓen shugaban ƙasa na 1979: jihar Kano ta yi wauta, ta bi ɗan takarar talakawa, amma shi gidansa bai ɓata ba, shi da Inna duk wanda ya ci suka zaɓa. Ya faɗa a Kano, da yayana ya ɗauko su zuwa unguwar Aston a Birmingham ya ci gaba da faɗa. Ni kam na ji har na gaji.

Bara 'yata da ke jami'a a Manchester ta tashi rubutu kan yadda Kano ta yi zaɓen nan. Ranar Asabar muka bar unguwarmu Withington zuwa wurinsu a Birmingham. Ta ajiye waya a tebur tana ɗaukar murya, Baba ya gyara zama ya kwararo tsohon karatunsa.

Sai yarinyar ta juya, da Hausarta mai ɗingishi: "Hajiya, ke fa? Who did you vote for?"

Ni na san amsar, don 'yan shekarun baya Inna ta taɓa raɗa mini a kicin. Baba ya haura tamanin, zuciyarsa ba lafiya, kuma ba abin da yake taƙama da shi irin biyayyar matarsa. Na harari yarinyar, ko a jikinta.

Inna ta daɗe tana murza gefen mayafinta.

"Karon farko ke nan da aka bar matan Arewa suka zaɓi shugaba," ta ce. "Na shiga rumfar zaɓe, ba kowa sai ni da Allah. Inda Kano ta dangwala, nan na dangwala."

Wallahi tausayin Baba ya kama ni, tsoho ya zama kamar wanda aka cire wa hula a kasuwa.

"Shekara arba'in da wani abu," ya ce a hankali, "ina zagin mutanen nan kina zuba mini shayi?"

"Alhaji, duk layinmu maza sun hana matansu fita. Kai ka goya ni a keke har bakin rumfa, ka tsaya cikin rana kana jirana. Wanda ya yi mini wannan, ai na bar masa zancensa."

Baba ya dubi wayar da ke tebur. Na miƙa hannu zan kashe.

"Bar ta," ya ce. "Hajiya ba ta gama ba."