Tsaga Uku a Kumatun Soja

Edita, ina gaisuwa. Lokacin da abin nan ya faru ni malama ce a wata makarantar kuɗi a unguwar Maamobi, nan Ghana, irin wadda ake haɗa Arabiyya da boko. Darasin zamantakewa nake koyarwa a ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare. Ban daɗe da gama kwalejin horon malamai ba, kaina cike da sababbin dabaru, bakina kuma ba linzami. A unguwar Nima da ke kusa aka haife ni, don haka na ɗauka babu wanda zai koya mini halin mutanen Zongo, wato unguwanninmu na Musulmi masu jin Hausa.

Ajina barci yake yi. Da na juya allo sai rabinsu su kifa kai a tebur, sauran suna jiran ƙararrawa su ruga wurin mai shinkafa da wake. Amma yaran nan, miƙa musu waya ka ga ido ya buɗe. Sai na raba su rukuni biyar, na tattaro wayata da ta ƙanwata da wasu tsofaffi na aro. Na daina ba su amsa, tambaya kawai nake ba su. Su nemo a intanet, su duba wanda ya rubuta, su samo wuri na biyu da ya faɗi haka, sannan su tashi su kare abin da suka samo. Mun yi a kan abin da ke toshe babbar kwatar unguwa, mun yi a kan inda albasar kasuwar Agbogbloshie ke fitowa. Yaran da ban taɓa jin muryarsu ba suka koma gardama har sai na buga tebur. Na ji daɗi, kuma ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura.

Wata rana na rubuta musu sabuwar tambaya a allo: daga ina kakanninmu suka zo Zongo? A ajin akwai wata yarinya shiru-shiru mai kaifin kai, mahaifinta shi ne shugaban kwamitin iyaye. Duk unguwa an san gidansu da cewa jinin malaman Kano ne. Hoton kakan mahaifinta na rataye a falonsu, da rawani da tasbaha, da tsaga uku a kowane kunci. Ita ce ta same ni lokacin tara, ta nuna mini wani tsohon hoto da ta gano a shafin wani ɗakin karatu na ƙasar waje. Sojojin Turawan mulki ne a jere, da jar dara, ba takalmi, an rubuta sunayensu a ƙasa. Na uku daga hagu sunan kakan nan ne, tsagar ma ita ce. Kusa da sunan an rubuta ƙabilarsa, ba Bahaushe ba, wata ƙabila ce ta arewacin Ghana da a da ake kama mutanenta ana sayarwa. A hankali ta tambaye ni ko ya kamata ta faɗa a aji. Tsoro ne a muryarta, ni kuwa nasarata kaɗai nake ji. Na ce mata wannan shi ne bincike na gaske, ta tashi ta nuna wa kowa.

Ta nuna. Sai wani daga baya ya kece da dariya. Kafin a tashi sun laƙaba mata jikar koti, kamar yadda ake kiran ɗan sanda a titi, don a wurinsu soja da ɗan sanda duk ɗaya ne, wasu ma suka ce jikar bawa. Washegari maganar ta kai bakin masu sayar da koko. Yarinyar ba ta zo makaranta ba, jibi ma haka, ga jarrabawar fita saura mako bakwai.

Aka kira ni ofis. Mai makaranta da hedimasta da mahaifin yarinyar suna zaune, ni ina tsaye. Mahaifin ya ce na ci fuskar gidansu, kuma 'yarsa ba za ta sake taka makarantar ba sai na tsaya gaban taron safe na ce hoton na jabu ne, duk abin da ke intanet ƙarya ne, na kuma daina shigo da waya aji. Na ce masa, Alhaji, zan durƙusa gaban kowa in ba da haƙuri kan tsayar da yarinya da na yi, wannan laifina ne. Amma ba zan ce wa yara ƙarya ne abin da na san gaskiya ne ba, bayan na shekara ina koya musu su binciki magana kafin su yarda. Mai makaranta ya ba ni zuwa Juma'a. A gida mahaifiyata ta ce taurin kan ubana na ɗauko, in je in faɗi abin da suke so a wuce wurin. Na ƙi. Amma na kasa cin abinci, don idan na kafe, yarinyar ce za ta rasa jarrabawa, ba ni ba.

Ranar Alhamis na sayi goro na nufi gidansu, ban nemi Alhaji ba. Tsohuwar gidan na nema, gwaggonsa, 'yar autar mutumin da ke cikin hoton. Na gaishe ta, na faɗi laifina, na miƙa mata wayar. Ta daɗe tana kallo, ta ce in ƙara mata girmansa. Sai ta ce, "Baba ne. Dubi ƙafan shi, ko takalmi ba su ba shi ba." Ta ce ba ta taɓa ganinsa da ƙuruciya ba sai yau. Ashe ta sani tun tana yarinya, shi da bakinsa ya gaya mata. An kama shi yana ƙarami, ya gudu, ya shiga soja, a bariki ya koyi Hausa. Bayan an sallame shi ya zauna gaban malami da furfurarsa, ya sauke Alƙur'ani, ya karantar da rabin unguwa. Labarin Kano mutane ne suka ɗora masa daga baya, 'ya'yansa maza kuma suka ji daɗinsa suka riƙe. Daga nan ta juyo kaina, ta wanke ni tas. Ta ce maganar asali a ɗaki ake fara ta, kuma da na turo mata jikarta da hoton nan, da ita da kanta za ta zo ajin ta ba da labarin, ta ga ɗan da zai yi dariya. Sannan ta aika aka kira Alhaji. A gabana ta kira shi da sunan yarinta, ta ce yarinya za ta koma makaranta Litinin, wanda kuma yake jin kunyar ubanta, ita tsohuwar, ya fita daga gidan da ubanta ya gina.

Yarinyar ta koma, ta rubuta jarrabawarta. Ni kuwa ranar Juma'a aka ba ni takardar sallama, don ban yi sanarwar ba. Yanzu a unguwar Kotobabi nake koyarwa, kuma har gobe da waya muke bincike a ajina. Masu cewa waya ce ta jawo fitina su yi ta faɗa, ban yarda ba. Wayar ba ta yi ƙarya ba, yarinyar ba ta yi laifi ba. Abu ɗaya nake nadama, kuma yana cina har yau: yarinya ta zo mini da tsoro, na mayar da ita abin nuna gwanintata.

Malamai 'yan'uwana, kada wani ya tsorata ku ku mayar da yara barci. Ku bar su su tambaya, su tono. Amma idan abin da yaro ya tono na gidansu ne, ku rufe wayar, ku sayi goro, ku je ku gaida tsohuwar gidan tukuna. Tsohuwar nan ta sa na wanko mata hoton kafin ta rasu. Yana nan a falon Alhaji, kusa da mai rawanin, kuma har yau babu wanda ya isa ya sauke shi.